Matar da Ke Gefen Hoto

"Hoto huɗu na ce a kowane shafi, Aku. Huɗu."

"To ai biyar ɗin ma sun shiga."

"Sun shiga bayan kin yanke wa Anti Nas kunne ɗaya."

"Dama ba ta ji da shi. Ɗayan ma sai ta ga dama."

Yaya ta ajiye rula, ta dafe goshi. Kwana uku ke nan muna kan teburin nan, ni da ita, tun daga hantsi har a kunna fitila. Ƙungiyar matan da Ummanmu ta yi wa sakatariya za ta cika shekara ashirin washegari. Umma ta rasu bara, ta bar kwalin takalmi uku maƙare da hotuna. Shugabar ƙungiya ta ce tunda mu ne 'ya'yan marigayiya, mu za mu haɗa kundin tarihi. Ba roƙonmu ta yi ba. Shugaba ba ta roƙo, sanarwa take yi.

Aikin ba wuya, sai cin rai. Ki zaɓi hoto, ki gyara gefensa da almakashi, ki shafa gam, ki manna a kan kwali mai launi, Yaya ta ja masa layi, ta rubuta sunaye a ƙasa. Shafi arba'in. Tafiyar bakin teku, tafiyar jirgin ƙasa, ranar da suka hau dutse rabinsu suka tsaya a gindi, sai tarurrukan wata-wata a falon wannan da falon waccan. Bayana ya ƙage. Babban yatsana ya yi kanta. Ɗakin ba abin da yake yi sai warin gam da tsohuwar takarda.

Abin da ke hana ni gyangyaɗi shi ne bakina. Tun ina ƙarama aka laƙaba min Aku, don in na ji muryar mutum sau ɗaya, to ta zama tawa. Duk hoton da na ɗauka sai na sa shi magana.

Na ɗaga na Shugaba, na kumbura ƙirji. "Mata, mata, a nutsu. Ni kun sani ba mai dogon jawabi ba ce."

Na ɗaga na Gwaggo Mai Tari, wadda ba ta fara zance sai ta yi tari biyu. A hoton tana riƙe da cinyar kaza. "Ƙhm. Ƙhm. Ni dai ba na cin abincin hanya."

Yaya ta cije leɓe don kar ta yi dariya. "Allah ya shirye ki. Manna."

Murya ɗaya ce ban taɓa ba tun bara, ta Umma. Ba wanda ya hana ni. Ban dai yi ba.

Da la'asar ɗin rana ta uku na lura da matar. Dokar Yaya ita ce duk wanda ba ɗan ƙungiya ba a datse shi, don hoto ya zauna daidai a shafi. Ina ta datsewa ba na ko kallo. Sai na ga ashe mutum ɗaya nake ta datsewa. Kullum a gefe take, wani lokaci hagu, wani lokaci dama, kullum rabinta ne a ciki. A bakin teku kafaɗa da rabin fuska. A tashar jirgi hannu da bakin mayafi ruwan toka. Umma ta yi furfura daga kwali zuwa kwali, Anti Nas ta ninka jiki, ita kuwa tana nan da mayafinta.

"Yaya, wannan 'yar ƙungiya ce?"

Ba ta ɗago ba. "Tana cikin jerin sunayen Umma?"

"Ina na san sunanta balle in duba?"

"To yanke ta. Mai wucewa ce."

"Mai wucewa a tsakiyar falon Shugaba?"

"Aku, na gaji. Yanke."

Na yanke. Amma hali zanen dutse. Na ɗaga siririn guntun, na kalli rabin fuskar, na laluba mata murya. Babu. Ko mutumin da ban taɓa ji ba, fuskarsa kan gaya min yadda zai yi magana. Wannan ba ta gaya min komai ba. Sai kawai na yi da tawa muryar, ba ado ba ƙari.

"Haba 'yan mata. Shekara ashirin ina biye da ku, ko kujera ba a taɓa ba ni ba."

"Wannan ai muryarki ce," in ji Yaya.

"Aro na ba ta."

Na jefa guntun a kwandon shara. Maƙogwarona ya ɗan yi ƙaiƙayi, kamar na haɗiyi silin gashi. Na sha ruwa, ban kawo komai a raina ba.

Gab da magariba gam ya ƙare. Yaya ta matse kwalbar har ta yi kuka, ta ce in ruga shagon takardu kafin ya rufe. Na sa takalmi na sauka.

Titi ya fara duhu. Ƙaurin man suya, hayaƙin mota, ƙarar ƙofofin ƙarfe ana jan su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mai shagon ya riga ya ɗauko kwaɗo. Na buɗe baki zan ce ya ba ni gam.

"Bawan Allah, a nutsu. Gam nake so."

Muryar Shugaba ce.

Ya yi dariya. "Ke Aku, ba kya gajiya?"

Na sake gwadawa. Tari biyu suka fito da kansu, sannan muryar Gwaggo ta nemi gam. Ya ƙara dariya har da buga kantar shagon. Ni ban yi ba. Na nuna kwalbar da yatsa, na karɓa, na fito.

A hanya na yi ta gwadawa ƙasa-ƙasa. Na kira sunana, muryar Anti Nas ta fito. Na sake, malaminmu na aji uku ya fito. Mai shelar tashar mota. Maƙwabciyarmu mai faɗa da miji. Duk suna nan reras, kamar makullai a zobe ɗaya, sai na gidana ne babu.

Na tsaya a gindin bene ina ƙoƙarin tuna yadda muryata take.

Na kasa.

Ƙwan fitilar matakala ya daɗe da mutuwa. Na hau ina laluben bango. Hawa na ɗaya. Hawa na biyu. Ban kai na uku ba na ji dariya daga ɗakinmu.

Tawa ce. Mummunar dariyar nan tawa mai jan hanci a ƙarshe, wadda Yaya ke cewa kamar tsohuwar ƙofa.

Na ƙarasa a hankali.

"Yaya, shafin ƙarshen nan a bar min shi," in ji muryata daga cikin ɗakin.

"Wane shafi kuma? Har kin dawo ba ki ce komai ba. Ina gam ɗin?"

"Yana zuwa."

Ƙofar a ɗan buɗe take. Na leƙa.

Yaya ta ba ƙofa baya, ta sunkuya, tabarau a karan hanci, tana jan layi. Kujerata tana gefenta. Ba kowa a kai.

Kwandon shara ya kife.

A kan tebur, daidai wurin zamana, guntayen da na yanke sun jeru baki da baki. Kafaɗar bakin teku. Hannun tashar jirgi. Rabin fuska daga wata shekara, ɗaya rabin daga wata. Ba su yi daidai ba. Ido ɗaya babba ne, ɗaya ƙarami, kuma ƙaramin yana sama da babban.

Warin gam ya ɓace. Ɗakin na warin rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Wani guntu yana tafiya a kan katako shi kaɗai. Sss. Ya tsaya. Sss. Ya shiga gurbinsa.

"Yaya," in ji muryata, a tausashe. "Matso da hannunki nan."

"Me kuma?"

"Ya fito daga layi. Zan gyara miki gefe."

Almakashina yana kwance kusa da hannun Yaya na hagu. A gabana ya buɗe baki.

Yaya ta yi tsaki irin na wanda ya gaji da musu. Ba ta ɗago ba. Ta tura hannun.

Na yi ihu. Muryar Shugaba ce ta fito. "A nutsu!"

"Aku, bar wasan nan, kaina ciwo yake."

Na sake. Anti Nas. Na sake. Mai shela.

Yatsunta sun kusa shiga tsakanin bakin ƙarfen.

Saura murya ɗaya.

Umma ba ta taɓa kiran Yaya da sunanta ba, don sunan mahaifiyar Umman ne. Na rufe ido, na nemo ta can ƙasan ƙirji, inda na ajiye ta tun bara.

"Uwata. Ɗauke hannunki."

Yaya ta fizge hannun ta dafe ƙirji.

Ƙyas.

Almakashin ya rufe a kan iska.

Ta juyo. Ta gan ni a bakin ƙofa da kwalbar gam. Ta kalli kujerar. Ta sake kallona.

Ƙarar firij daga kicin. Wani yana jan ruwa a hawa na sama.

Sai muryata ta yi raɗa daga kan tebur.

"Sau ashirin da uku kika yanke ni."

Ba wadda ta motsa.

"Kowa da shafinta, ban da ni."

Ban san yadda ƙafata ta kai ni teburin ba. Na jawo sabon kwali. Murfin gam ya ƙi buɗuwa, na sa haƙori. Na ɗauki guntun farko, sanyi kamar daga ƙanƙara aka ciro shi. Na shafa, na manna. Na biyu. Na uku. Ban gyara komai ba, yadda ta jera kanta haka na bi.

Ƙaramin idon yana bin hannuna.

Yaya ta ɗauki rula. Hawaye na ɗiga a kan kwalin, leɓɓanta na karanta duk addu'ar da ta zo mata, amma ta ja layin nan a miƙe, kusurwa huɗu, kamar na kowa.

"Suna fa?" ta tambaya, da ƙyar ake ji.

Muka jira.

Ba a amsa ba.

Ta ja ɗan layi a ƙasa, ta bar shi fili.

Na danna guntun ƙarshe da tafin hannu. Tari ya sarƙe ni, na durƙusa, na yi ta yi har idona ya kawo ruwa. Warin gam ya dawo.

"Yaya," na ce.

A dushe take, kamar an kwana ana aiki da ita. Amma tawa ce.

Ko fitila ba mu kashe ba. A ɗakin maƙwabciya muka kwana, muka ce mata ɓera ne ya shigo.

Muryar ta warware bayan kwana biyu. Dariyar ce ba ta dawo ba. Har yau in abu ya ba ni dariya, kafaɗuna na rawa, bakina na buɗewa, amma ba sauti. Yaya, wadda ta shekara ashirin tana zagin dariyar nan, yanzu ita ke ba ni labarai don ta gani ko za a dace. Ina nan ina kwaikwayon mutane, wannan ba zai bar ni ba sai a kabari. Amma sai wanda na ji da kunnena. Ba na ba da aro.

Kundin dai mun kai shi taro washegari, don ba mu da ƙarfin yi wa Shugaba bayani. Ta ce ita ba mai dogon jawabi ba ce, ta yi awa ɗaya da kwata. Daga nan aka ɗora kundin a tebur, mata suka yi masa rumfa. Ana buɗewa ana shewa. Wannan ta ce dubi yadda nake da wuya a lokacin. Waccan ta ce wa ya ce a sa hoton da nake barci a jirgi. Da aka zo shafin Umma aka yi mata addu'a, Yaya ta riƙe hannuna a ƙarƙashin tebur.

Sai shafin ƙarshe.

Shugaba ta matso da shi, ta nisanta shi, ta karkata kai. "Wannan kuma wace ce? Me ya sa aka yi mata haka, kamar an tsinto ta a shara?"

Anti Nas ta ce ba ta san ta ba. Aka miƙa wa na kusa, aka miƙa wa na nesa. Wata ta ce ko ƙanwar wance ce da ta bi su sau ɗaya. Wancen ta ce ita ba ta da ƙanwa. Ni da Yaya muka zuba wa ƙasa ido.

Kundin ya isa gaban Gwaggo Mai Tari. Ta goge hannu a gefen zani, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Ƙhm. Ƙhm. Haba, mata, tsufa ne ya kama ku haka? Ai ita ce ke ɗaukar mana hotunan."