Na Huɗu a Hoton Mang Berting

Rodel Santillan ya zana Luningning tun bai san sunanta ba.

Lokacin dashen shinkafa ne. Ya zo daga birnin Cabanatuan da allunansa da fentin akirilik, ya kafa a bakin fadama yana zana masu dashe. Sana'arsa ke nan: mai sayar da kifi, tsoho a ƙofar shago, mai huɗa da ɓaunarsa. Fentin nan ba ya jiran kowa, iska na taɓa shi ya bushe. Shi ya sa hannun Rodel yake da sauri, kuma ba ya shakkar abin da ya shafa.

Ta fito daga laka ta leƙa allon. Ta ce ya ƙara mata tsawo. Ya ce bai ƙara komai ba, ita ce ta saba ganin kanta a duƙe. Ta ce to ya goge lakar ƙafarta. Ya ƙi.

"Lakar ce ta burge ka?"

"Ita ce ta biyu."

Ya koma gida da lambar wayarta. Daga nan saƙo bai yanke ba.

"Haskena, shuɗin da na haɗa yau bai kai na rigarki ba. Na zubar."

"Mai Fenti, daina ɓarnar kaya. Ka ci abinci?"

Mahaifinta, Mang Berting, wanda take kira Tatay, manomi ne mai gajeriyar magana. Ya ce ba a cin hoto. Shi ya fi son Jomar, ɗan maƙwabci mai aiki a jirgin ruwa, wanda ya dawo ya yi wa uwarsa rufin kwano. Mahaifiyarta, Aling Coring, wadda take kira Nanay, tana son Rodel, don ya ci miyar kifinta mai tsami har ya nemi ƙari.

Rodel bai tsorata ba. Ya tabbata in tsohon ya ga aikinsa zai sauko. Ranar da iyayensa suka zo neman aure da tukwanen abinci, ya riƙo babban allo a lulluɓe. Ya kai hannun Mang Berting goshinsa, ya gaishe shi, sannan ya yaye zanen.

Ga Mang Berting da malfarsa. Ga Aling Coring da kwando. Ga Luningning tsakaninsu tana dariya, fadama kore shar a bayansu. Aiki ya yi kyau, wannan ba musu.

Jomar, da ba wanda ya gayyata, ya leƙo ta taga.

"Su uku ne fa. Ku dubi wadda ya sa a tsakiya."

Aling Coring ta yi alamar gicciye. Mang Berting ya tashi ya juya hoton ga bango. Ya ce baƙi su ɗauki tukwanensu.

Rodel ya san maganar, kowa ya sani: in mutum uku suka shiga hoto, na tsakiya ke fara mutuwa. A birni abin wasa ne, shi ya sa bai ko tuna ba. Ya aika saƙo, shiru. Ya sake, shiru. Sai aka ce masa an gan ta a babur ɗin Jomar. Ya ajiye burushi, ya kasa zana ko ganye.

Da amsarta ta zo, doguwa ce.

"Ba fushi nake ba. Yayana Efren ne a tsakiyar hoton da aka ɗauka ranar bikin gari. Kafin damina ta ƙare kogi ya tafi da shi. Tun ranar Tatay bai sake tsayawa gaban kyamara ba. Jinin Nanay ne ya hau, Jomar ya kai mu asibiti. Ba shi nake so ba. Kai ne, sakarai."

"Zan gyara, Haskena."

"Ai fentinka ya bushe."

"Ana shafa wani a kai."

Ya je wajen Mang Berting ya nemi gafara. Ya ce zai goge mutum ɗaya. Mang Berting ya tambaye shi wa zai goge, shi ko uwarta. Ya ce to zai ƙara ɓauna su zama huɗu. Tsohon ya ce ɓauna ba mutum ba ce. Ya ce to ya sa fadan coci, ko maƙwabci. Tsohon ya ce baƙo ba ya shiga hoton iyalinsa. Da ya ambaci ƙonawa, Aling Coring ta ce sai dai a fara ƙona ta kafin a sa wa fuskar 'yarta wuta.

Aka kai hoton rumbu, fuskarsa na kallon bango. Ba a gyara ba, ba a jefar ba. Maganar aure ma ta tsaya inda hoton ya tsaya.

Sai Rodel ya nemi izinin yin hidimar gida, yadda masu neman aure suke yi a da. Mang Berting bai ce e ba. Ya dai nuna masa gatari.

Ya yi faskare. Ya ɗebo ruwa. Ya kai ɓauna wanka, ta ja shi cikin taɓo har wuya. Jomar ya tsaya da babur ya tambaya ko ita ma fenti zai yi mata. Rodel ya ce da shi zai fara, in zai iya zama wuri ɗaya. Ba a daɗe ba jirgi ya kira Jomar. Kafin ya tafi ya nemi Luningning ta jira shi. Ta yi masa fatan sauka lafiya, ta ce kada ya sa rai.

Rodel bai bar zane ba. In rana ta yi sanyi sai ya wanke hannu ya zana duk wanda ya zauna. Ya zana mai wanki, ya zana mai gyaran taya, ya zana wata tsohuwa tana bakacen shinkafa, har tsagewar tafin hannunta. Mang Berting ya tsaya bayansa ya daɗe yana kallon wannan hannun.

Luningning takan kawo masa ruwa, ta duba kantar da ta fito masa.

"Ba ka gaji ba, Mai Fenti?"

"In na gaji zan faɗa miki bayan aure."

Aka yi girbi, aka sussuka. Wata safiya Mang Berting ya shiga rumbu ya fito da hoton. Ya hure ƙaiƙayin da ya hau kai, ya jingina shi da buhuna, fuskarsa a waje.

"Akwai wuri gefen uwarta. Cike shi."

"Da wa, Mang Berting?"

Tsohon ya juya ya ce wa 'yarsa ta kawo madubi.

Luningning ta kawo, tana dariya tana hawaye. Ta ce me ya sa ba a gefenta ba. Uban ya ce a gefen uwarta, inda ba zai yi rawar kai ba. Ya kuma ce wa Rodel daga yau Tatay zai riƙa ce masa.

Rodel ya ɗauki burushi, sai shakka ta kama shi. Wannan bai taɓa faruwa da shi ba. Kafin ya natsu fenti ya bushe. Hancin ya karkace, kunne ɗaya ya fi ɗaya.

An ɗaura aure a cocin gari. Aka yafa musu mayafi ɗaya, aka zagaya kafaɗunsu da igiya ɗaya. A gida aka yanka akuyoyi, aka yi rawa a tsakar gida. Mang Berting ya ɗora hannu a kansu, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya da cikakken rumbu. Aling Coring ta ce amin ta ƙara da kuka.

Hoton yana rataye a inda kowa zai gani. Baƙi suka taru suna yi wa hancin ango dariya. Rodel ya matsa kusa da surukinsa, ya ce a ba shi hoton na yini ɗaya ya gyara fuskarsa, don sunansa na mai zane yana jiki.

Mang Berting ya dubi mutum huɗun nan, ya dubi 'yarsa a tsaye da ranta.

"A'a. Ba mai sake taɓa shi."