Duwatsu Masu Jan Fenti

"Wai wane mara kunya ne ya shafa wa duwatsun filin gari jan fenti?"

Maƙwabciya ce ke tambayar wata ta bayan katanga, Amarya na tsugune tana wanki ta ji. Filin nan kowa ya san shi, can ake kiwo, can tsohuwar rijiya take. Kamfanin haƙar ma'adinai ya sa masa ido, jan fenti kuwa alamar awonsa ce, mutanen gari suka ce ko taku ɗaya ba za a sayar ba. Mijin Amarya ne sakataren masu adawa, kullum da dasasshiyar murya yake dawowa daga taro. Ta dubi hannun rigarsa cikin kumfa. Ja ne, ya ƙi fita. Ta danna shi ƙasan baho.

Magariba na kawo jiki, kaji suka yi tsit, dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo, ya fasa randa. Surukarta, Inna, ta leƙa waje ta zagi 'ya'yan maƙwabta har kakanninsu, ba kowa a lungun. Kwana uku ana haka. Amarya ce mai shara, ita kaɗai ta lura kowane dutse da ɗigon ja a jikinsa.

Rana ta huɗu Auta, ƙanwar mijinta, tana tankaɗe ta saki rariya, ta miƙe ƙyam, ta yi dariya da muryar tsoho. Aka ɗauko malam mai ruƙiyya. Ya zauna bakin tabarma yana karatu a hankali, har gumi ya jiƙa masa wuya, sannan ya tambayi baƙon da ya shige ta me ya kawo shi.

"Kayanku na maido muku," in ji muryar. "An shafa wa ƙofata ja, kamar ragon yanka."

Malam ya ce su ma ai filin suke karewa, ga mai gidan nan, shi ne kan gaba. Auta ta juyo da fararen idanu, ta daɗe tana kallon wanta. Amarya na jira a tona. Sai muryar ta sauko ta hau ciniki. Shi ba ruwansa da kiwon kowa, a bar masa rijiyarsa kawai, sauran a haƙe har ƙasa ta bakwai.

"Rijiyar ba ta cikin awo," mijinta ya yi wuf ya ce. "Taku ashirin aka bari."

Auta ta yi atishawa uku, ta sulale jikin Inna. Gida ya ɗauki hamdala. Inna na kuka tana sa wa ɗanta albarka, wai bakinsa ko aljani ya ji ya sarara. Babu wanda ya tambayi yadda aka yi ya san awon.  Amarya ta ce a ranta, ashe har na ɓoyen ma da farashinsa.

Washegari ya nemi farar rigarsa, akwai taro, shi zai yi jawabi. Ta naɗe masa hannun sau biyu yadda jan ba zai fito ba. Maƙwabciya ta ɗago kai ta katanga, ta ce ko an gano mai fentin? Amarya ta dubi tulin duwatsun da ta share, ta dubi ɗakinta, inda ba ta cika shekara ba. Ta ce ita ina ta sani, ba fita take ba. Ta kwashe duwatsun ta zuba a masai, ta ƙudurta ko mahaifiyarta ba za ta ji ba.