Farfelar Baba Gong

Ranar da jami'in duba jiragen sama zai zo ya ba da shaida, aka wayi gari babu farfela a hancin jirgin Gong Deok-bae. Matarsa Yeo ce ta kira 'yan sandan garin Damyang.

Sufeto Pyo ta tarar da tsohon zaune cikin rumfar jirage. Tsohon makanikin bas ne, ya share shekaru yana harhaɗa ɗan jirgin nan mai kujera biyu. An yi masa rajista, lambar ma tana jikin wutsiya. Shaidar lafiyar jirgin kaɗai ta rage.

Kwaɗon ƙofa lafiya lau. Notikan farfelar na cikin kwanon shinkafa, an shafa musu giris. An naɗe bakin injin da tsumma mai tsabta. Amma fentin da ke kewaye da ramukan notikan duk ya kakkarce.

"Baba, wa ke da makulli?"

"Ni, da Bong maigadi, sai Ok mai koyar da tuƙin jirgi."

Yeo ta zuba masa shayin sha'ir. Ya kai hannu, ya wuce kofin, sai da ya laluba.

Bong ya nuna hannunsa na dama, ɗaure cikin filasta.

"Ranki ya daɗe, ko tsinken cin abinci ba na iya riƙewa. Kuma tun jiya babu motar da ta fita."

Ok Mi-ran tana goge gilashin nata jirgin.

"An ce kin daɗe kina son gurbinsa a rumfar," in ji Pyo.

"Ina so mana! Tsohon nan ya cika mana wuri da tarkace. Amma jiya ina Gwangju wajen bikin ƙanena, ɗazun nan na dawo. Kuma da ni ce, za ki ga ƙarzane ko ɗaya?"

Pyo ta yi waya, aka tabbatar mata. Ta ja Yeo gefe.

"Inna, ke kika tuƙo shi yau?"

"Tun kaka ya daina tuƙi. Wai bas ya fi daɗi. Mutumin da ko gidan wanka da mota yake zuwa!"

Pyo ta zagaya bayan rumfar, inda aka jingine gorori. A tsakaninsu ta ga wani dogon abu nannaɗe cikin bargo. Ta saɓo shi, ta ajiye a gaban tsohon, ta yaye bargon: farfelar ce.

"Baba, ɓarawo ba ya shafa wa noti giris. Wanda ya cire farfelar nan yana ƙaunar jirgin, kuma ya san aiki, amma sifanarsa ta yi ta zamewa don ba ya ganin kan notin. Ba ya tuƙa mota, shi ya sa bai kai ta nesa ba. Yaushe idon ya fara?"

Gong ya shafa farfelar da tafin hannu.

"Bara. Likita ya ce tsakiyar ganin ne ke tafiya. In aka ba da shaidar nan, kowa zai taru ya ga na tashi. Me zan ce musu? So na yi a ɗaga ranar kawai."

Yeo ta ɗaka masa duka a kafaɗa, tana kuka.

"Kai dai wawan tsoho ne! Ka bar ni na kira hukuma a kanka?"

"Ba shi ya kai ƙara ba, kuma kayansa ne," in ji Pyo. "Babu wanda zan kama."

Ok, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta shigo ta ɗauki sifana.

"Baba, kujera biyu ka yi wa abin nan. Ni zan yi tashin gwaji. In an yarda a ɗauki mutum, ka zauna gefena ka yi ta mita yadda ka saba."

"Ke? Da saukar nan taki kamar an yar da buhu?"

"Riƙe min nan, ka yi shiru."

Ta ɗaura farfelar, shi kuma yana bin kowane noti da yatsa yana cewa ta ƙara. Da jami'in ya iso bayan azahar, ya duba jirgin daga hanci har wutsiya, ya sa a tayar da inji, sannan ya sa hannu.

Pyo na buɗe motarta ta ji Yeo tana ɗaga murya:

"Malama Ok, bayan shi ni ce za ki ɗauka, kin ji ko?"