Barau da Gadar Giginya

A wani zamani, a wani ƙauye na bakin rafi, an yi wani yaro Barau, sarkin cika baki. Kawunsa na birni ya ba shi kan sarki guda biyu, irin wanda ake liƙa wa ambulan. Ɗaya da hoton tsohuwar gadar dutse, ɗaya da sabuwar gadar ƙarfe.

Barau ya tara yara ya nuna ta dutsen. "Na haye ta a guje!" Ya nuna ta ƙarfen. "Na haye ta a guje, da ƙafa ɗaya!"

Wata yarinya Ladiyo ta ce, "To gwani, zo ka haye tamu. In ka kasa, kar mu ƙara jin bakinka."

Gadar tasu kuwa giginya ce guda, an gindaya ta kan rafi, kuma Barau bai taɓa hawanta ba. Ya hau yana taƙama. Da ya kai tsakiya ya leƙa, ya ga ruwa na gudu. Sai ya zauna ya rungume giginya ƙam.

Sai ga wata tsohuwa daga ƙetare, da damin itace a ka.

"Ɗan nan, matsa in wuce."

"Iya, na kasa!"

"Tashi ka juya. Dubi gabanka, bar kallon ruwa."

Ta riƙe wuyan rigarsa, ta tura shi sannu-sannu har gaban yara, suna ta sheƙa dariya.

Washegari aka ga Barau a kan giginya, yana bin tsohuwa taku-taku, bakinsa gum.