Tiyon da Ya Sauka a Tsohuwar Rijiya

Ana gab da kiran magariba a Magariya, kaji sun shige akurki, Turai na kwashe tuwo, sai tiyon bayi ya soma bugawa. Bugu ne a hankali daga cikin bango, kamar wani na neman a buɗe masa ƙofa.

Mijinta Maharazu, mai fataucin wake zuwa ƙetaren iyaka, ya ja tsaki ya dire buta. Tun da Isufu mai gyaran famfo ya yi masa sabon bayin nan, da daɓen karo, wato tayil, da dush na wanka irin na gidajen manya, bai huta ba. Robine, wato kan famfon, na ɗiga, bango ya jiƙe har fenti ya kumbura, ƙasan karo na tsattsafo da ruwa mai ɗoyi. Aikin banza, aikin wofi! Ya kira Isufu a waya har ya gaji. Kullum yana garin Dungas, kullum sai gobe.

"Wallahi ranar da na kama mutumin nan, sai ya raina kansa," in ji Maharazu.

A lokacin ne 'yarsu Ikilima ta shiga bayin da ragowar ruwan zafi. Ta yi bisimilla kamar yadda uwarta ta koya mata, don waɗanda ba a gani su kauce, sannan ta juye a ramin dush. Bugun ya tsaya cak. Gidan ya yi tsit. Can sai wani siririn ihu ya biyo tiyon, ihun ƙaramin yaro, daga wuri mai nisa. Ikilima ta yanke jiki ta faɗi.

Daga ranar, da rana ta faɗi sai Ikilima ta kama kururuwa wai bayanta na ƙuna, tana birgima, tsakuwa na sauka a kan kwanon rufi ba a ganin mai jifa. Likita ya duba bai ga komai ba. Ta daina ci, ta daina gane uwarta. Turai ta yi kuka har muryarta ta dushe, sannan aka ɗauko Goni Zakariya daga Bande a kan babur.

Goni tsoho ne marar garaje. Ya zauna a tabarma bayan la'asar, ya daɗe yana karatu a kunnen yarinyar, har inuwa ta rufe tsakar gida. Sai Ikilima ta tashi zaune. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwar mace ce, tana rawa don fushi.

"Ya isa, Malam. Ka ƙona ni da karatu, su sun ƙona mini ɗa da ruwa."

"Yarinyar ta yi bisimilla," in ji Goni.

"A ina ta yi? A bayi! Mu muna cikin tsohuwar rijiyar da ke bayan gidan nan, wa zai ji ta daga can? Tun kakanninsu ana zuba ruwa a inda ido ke gani, a ambaci Allah, mu matsa. Yanzu an jawo mana tiyo ta ƙarƙashin ƙasa har kan shimfiɗarmu. Ƙazantarsu muke sha safe da yamma. Na yi ta bugawa, na yi ta bugawa, ba wanda ya kula!"

Sai yanzu Maharazu ya gane. Ashe ramin da Isufu ya ce ya haƙa wa ruwan datti ƙarya ce, rijiyar da aka rufe ya samu ya zura tiyo don ganda. Kai, wannan mutum bai ji tsoron Allah ba!

"Ki bar ta, ba ta da laifi," in ji Goni. "Za a cire tiyon."

Idanun Ikilima suka juya a hankali suka tsaya kan ubanta.

"Kai mai gida. Wanda ya sa tiyon, faɗa mini sunansa da gidansa. Yanzu zan saki 'yarka in tafi can."

Sunan ya zo har bakin Maharazu. Ya san gidan sarai, bayan tasha, ya kuma san ƙananan 'yan matan da ke wasa a ƙofarsa. Ya dubi 'yarsa da ta rame kamar kara. Turai ta riƙe bakin rigarsa, ita ma ba ta san abin da take so ya ce ba.

"Ba zan faɗa ba," ya ce da ƙyar. "Gidana ne. Ni zan tone."

"To tone da hannunka. Sai tiyon ya fita zan fita."

Ya ɗauki diga ya zaga wajen tsohuwar rijiyar, Goni na biye da shi da fitila. Ya sari ƙasa, ya fasa siminti, ruwan ɗoyi ya fantsamo masa har fuska. Tafin hannunsa ya fashe bai tsaya ba. Da ya cafko tiyon ya fizge shi, sai wata iska mai sanyi ta wuce ta gefensu ta faɗa rijiyar.

Daga cikin gida suka ji muryar Ikilima, tata ta ainihi, tana cewa, "Inna, yunwa nake ji."

Maharazu ya durƙusa cikin taɓon yana kuka, yana dukan tiyon da ƙasa, yana zagin macuci, azzalumi, marar imani. Ya yi zagi har muryarsa ta shaƙe, amma ko sau ɗaya bai bari sunan ya fita daga bakinsa ba.