Jan Haske a Gindin Dutse

A wani zamani can, masu sha'awar kallon taurari suka taru a kan wani dutse, nesa da fitilun gari. Tauraro mai wutsiya suke jira, wanda mutum ba ya gani sau biyu a rayuwarsa. Madubin hangen nesa ɗaya gare su, kowa yana jiran layinsa.

Da layi ya zo kan wata malamar makaranta, sai hannunta ya goce, madubin ya sunkuya ƙasa. Ta ga jan haske. Ta sake dubawa, jan haske dai.

Ta ce, "Innalillahi! Gobara ce a rugar can!"

Shugaban tafiyar ya ce, "Malama, a tsaya mana, yanzu zai fito. Ai za su farka."

Ta ce, "In ba su farka ba fa, Alhaji?"

Ta gangara a guje tana ihu. Wannan ya bi ta, wancan ya bi ta, har shugaban. Suka tarar kowa a rugar yana barci, wuta tana cin bukkoki.

Shugaban ne ya fito da wata jaririya daga cikin hayaƙi. Ya tsaya rungume da ita, yana ta maimaitawa: "Ni ne fa na ce a tsaya. Ni ne fa na ce a tsaya."