Takalman da Ke Kallon Gado

Magariba ta sauko wa ƙauyen da ke bayan Yuen Long a hankali, da ƙanshin busasshen kifi da hayaƙin turaren ƙofofin maƙwabta. Wing-kuen ya dawo daga tuƙin ƙaramar bas, ya tarar surukarsa, wadda kowa ke kira Po-po, tana zuba shinkafa. Tun da matarsa Siu-yin ta rasu cikin damina, hannun tsohuwar kan ɗauko kwano huɗu, sai ta mayar da ɗaya.

Suna tsakiyar ci dutse ya faɗo kan rufi. Wani ya biyo shi, ya mirgino har bakin indararo.

"'Ya'yan gidan Man ne," in ji Po-po. "Marasa kunya, kamar ubansu."

Wing-kuen ya leƙa. Babu kowa a lungun. Karnukan ma, da ba sa barin keke ya wuce, sun kwanta sun sa kai tsakanin ƙafafu. Da ya komo, ya ga 'yarsa Lok-yi ta soke tsinkayen cin abincinta tsaye a cikin shinkafa, kamar turaren da ake kafa wa matattu. Po-po ta make su. Yarinyar ta ɗago, ta yi magana da muryar da ta girme ta nesa ba kusa ba.

"Ƙafafuna ciwo suke."

Daga ranar gidan bai sake zama gida ba. Rana na faɗuwa jifa zai fara, Lok-yi ta miƙe ta nufi ɗakin ubanta, ta tsaya bakin gado har sai an ɗauke ta. Tafin ƙafarta sanyi kamar dutsen rijiya. Likita ya duba, bai ga komai ba. Ta daina ci. Wuyan hannunta ya koma kamar kara, har Wing-kuen yake tsoron riƙe shi.

Po-po ce ta ɗauko Sifu Ngai, tsohon masanin iska da ruwa, wanda ya zaɓa wa rabin ƙauyen mazaunin ƙofa da makwancin kabari. Ya zo da yamma, da faifansa na tagulla mai allura. Ya zaga falo, ya zaga kicin, allurar na kwance lafiya. Da ya tura ƙofar ɗakin Wing-kuen, ta soma rawa.

An janye gadon daga jikin bango, an juya ƙafarsa ta fuskanci ƙofa, yadda ake fitar da gawa. Madubin kabad na kallon matashin kai. A ƙasa ga jajayen silifas na mace, an jera su, bakinsu na kallon gado.

"Wane mahaukaci ne ya shirya ɗakin nan?" in ji Sifu. "Ko yaron goye ya san ba a aje takalmi yana kallon gado. Hanya ce kake nunawa a hau!"

"Na sani, Sifu," Wing-kuen ya ce, idonsa a ƙasa. "Shi ya sa."

Ya so ya ce musu gadon ya yi masa faɗi. Ya so ya ce bai roƙi komai ba sai ya ji katifa ta lotsa a gefensa sau ɗaya tak.

Po-po ta dafe ƙirji. "Ka ce min an ƙone su tare da kayanta! A-Kuen, ashe 'yata tana can tana taka ƙasa ba takalmi?"

Jifa ya ɓarke a rufi. Lok-yi ta shigo, ta zura ƙananan ƙafafunta cikin silifas ɗin, ta juyo. Muryar da ta fito ta Siu-yin ce, da 'yar shaƙewar nan ta safiya.

"A-Kuen, ka rame."

Ya zube ƙasa. Ya miƙa hannu yana rarrafe, Sifu ya damƙi wuyan rigarsa ta baya.

"Dubi hannun yarinyar, wawa! Matarka ce za ta cinye 'yarta?"

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai bakin yarinyar ya buɗe da wata dariya mai kama da ruwa a maƙogwaro, muryar Siu-yin ta zube ta bar ta wata tsohuwa.

Sifu ya kunna turare, ya tsaya tsakaninta da madubi. "Wace ce ke?"

"Wadda ta nutse a tafkin kifi, tun ba a haifi ubanka ba. Ba ɗa, ba jika, ba mai kunna min ko guntun turare. Na ga ƙofa a buɗe, an shimfiɗa hanya, an aje takalmi. Ba a rubuta sunan kowa a kai ba."

"Ba ke aka kira ba."

"Wadda aka kira ta yi nisa. Ni ce kusa."

"Za a kai miki shinkafa da turare bakin tafki duk watan bakwai. Ki saki yarinyar."

"Shinkafa!" Ta yi tsaki. "Ka san kaifin duwatsun hanyarmu? Takalman nake so. A ƙona min su, da hannun wanda ya aje. In ba haka ba, ƙafafun yarinyar sun ishe ni."

Wing-kuen ya durƙusa, ya zare silifas ɗin daga ƙafar 'yarsa. Ga gurbin yatsun Siu-yin nan a lotse, ga gefen hagu da ya fi cinyewa saboda yadda take karkata in ta tsaya wanke-wanke. Duk duniya nan kaɗai sawunta ya rage. Ya manna su a fuskarsa.

"Baba," wata siririyar murya ta ce daga can ƙasan ta tsohuwar. "Sanyi."

Ya fita. A bokitin ƙarfen da suke ƙona takardun matattu ya sa su, bakinsu na kallon hanya. Ashana ta mutu a hannunsa, ya ƙyasta wata. Da wutar ta kama, jifa ya tsaya. Dukansu suka ji ta: fat, fat, fat, tafiyar silifas a kan siminti, ta bi lungu ta gangara wajen tafki.

Kafin duhu ya rufe, sun mayar da kan gadon jikin bango, Po-po ta rufe madubi da jan ƙyalle. Lok-yi ta sha kunun shinkafa har ta lashe cokali, ta yi barci da ƙafafunta cikin tafin ubanta, suna ɗumi a hankali.

Da safe ya tafi shagon kayan takarda da ake ƙona wa matattu, inda gidaje da riguna ke rataye suna lilo.

"Takalmin mace," ya ce. "Ja."

"Wace lamba, ɗan'uwa?"

Bai taɓa sanin lambar takalmin Siu-yin ba. Ya buɗe tafinsa a kan kantar shagon, ya auna daga wuyan hannu zuwa kan dogon yatsa, ya ƙara kaɗan.

"Kamar haka," ya ce. "Mai laushi. Hanyar da nisa."